Tabarau Ba Gilashi: Martani Ga Mai Kukan Suturar Samarinmu

Malam, na karanta rubutunka na makon jiya har sau biyu. Karon farko dariya na yi, domin yaron da ka siffanta a tashar motar Kafanchan na san irinsa: tabarau a fuska babu gilashi a ciki, agogo biyu a hannu ɗaya, wandon jins da aka yayyaga a gwiwa da gangan, takalmin roba mai huji-huji da aka maƙala wa 'yan tarkace kala-kala, ga igiyar sauraron waƙa a kunne wadda ƙarshenta bai shiga ko'ina ba sai aljihu. Alƙalaminka ya kama shi tsaf. A karo na biyu dariyar ta ɗauke, don a nan ne na lura da inda ka dosa da wannan yaro.

Ka ce shigarsa shaida ce cewa tarbiyya ta mutu a kudancin Kaduna. Ka ce cuɗanya ce ta jawo, wai ɗan Hausawan Zango ya kwaikwayi maƙwabcinsa ya yar da hula, ɗan Atyap da ɗan Bajju kuma sun ari kaftani sun manta da nasu, kowa ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Sannan ka kawo magani: kowace ƙabila ta koma suturar kakanninta, yadda da hango mutum daga nesa za a san ko shi wane ne, dattawa kuma su kafa kwamitin da zai sa ido. Batun tarbiyya zan bar maka rabinsa, don ni ma ina da nawa ƙorafin, zan kuma faɗe shi a gaba. Maganin nan naka shi ne ya hana ni barci.

Amma kafin mu je can, don Allah ka buɗe akwatin hotunanka. In lissafina bai kuskure ba, kana saurayi lokacin da kuɗin Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a 1975. Mahaifina tela ne a Kafanchan, shagonsa ba nisa da tashar jirgin ƙasa, kuma har Allah ya karɓi ransa bai gaji da ba da labarin wannan shekara ba. Ya ce wando ake kawo masa ɗinki wanda ƙafarsa ɗaya za ta yi wa yaro riga, sama a tsuke kamar bakin buhu, ƙasa a buɗe yana share wa hukuma titi kyauta. Takalmi mai tudu kamar an kifa turmi. Suma a tara ta ta yi kwando, a soke mata mataji a bar shi nan tsaye, a yi ta yawo da shi cikin gari. To Malam, tsakanin matajin da ba ya taje komai da tabarau ba gilashi, wanne ya fi wani hankali? Dattawan wancan zamani sun rantse duniya ta zo ƙarshe. Masu wandon nan su ne yau limamai da fastoci da tsofaffin shugabannin makaranta, wasu kuma suna rubutu a jarida.

Mu zo kan suturar kakanni. Ni Bahaushe ne, bari in fara da tamu. Wace ce ita? Kaftani da alkyabba da jallabiya, sunayensu kaɗai sun isa su gaya maka daga gabas suka zo. Jamfa bakin Bature ne muka lanƙwasa, haka leshi, haka siket, haka singileti. Jar dara da kakanninmu suka ɗauka ƙarshen girma, hamada ta ƙetaro daga Arewacin Afirka. Hular da muke tinƙaho da ita wurin ɗaurin aure, Zanna Bukar, sunan ɗan siyasar Barno take ɗauke da shi, Zanna Bukar Dipcharima. Shaddar da ango ke cin bashi ya saya, mai tsadar cikinta, Getzner, daga Austiriya take zuwa. Atamfar da uwar amarya ba ta yarda a haɗa lefe babu ita, Holan muke ce mata don a can ake buga ta, su ma kuma dabarar daga Indonesiya suka ɗauko. Ashoke da goggoron da amarya ke naɗawa ranar walima na Yarabawa ne, har da al'adar anko ɗin kanta. In aka ce yau kowa ya zo ya kwashe kayansa, da wuya ka samu abin da za ka sa ka je Juma'a.

Kada ka ce na raina mu. Muna da saƙi, muna da turkuɗi, muna da marinar Ƙofar Mata, muna da aska takwas da malum-malum waɗanda ɗinkinsu ke cin watanni. Amma babbar baiwar Bahaushe a harkar tufa ita ce ya ari abu ya juya shi har mai shi ya kasa gane kayansa. Bai kuma taɓa jin kunyar yayi ba, suna ma yake raɗa masa. Ɗaurin ɗankwali an yi ture-ka-ga-tsiya, an yi ɗaurin Maryam Babangida, an yi na Zahra Buhari. Doguwar rigar maza da ta fito zamanin Abacha har yau tazarce ake ce mata, ko da yake wanda aka yi wa tazarcen bai zarce ba. Jar hula da kowa ke iya sawa a da, yanzu in ka sa ta a Kano an san ɓangarenka a siyasa kafin ka buɗe baki. Wane ɗaya daga cikin waɗannan ne na kakanni, kuma kakannin wace shekara?

Sunan garinmu ma bai goyi bayanka ba. Kakana a Zango aka haife shi, kuma zango kowa ya san ma'anarsa: inda fatake ke sauke jakuna, su kwana, su yi ciniki, su wuce. A cikin mangalolin nan akwai kanwa da gishiri, akwai kuma tufafi da duwatsun wuya. Ba zan yi maka ƙaryar cewa zaman duk zuma ne ba. Akwai haraji, akwai harin bayi daga Zazzau, 'yan'uwanmu Atyap ba su manta ba, ba kuma wanda ya isa ya ce su manta. Amma ko a cikin wannan zama mai ɗaci kaya suna canja hannu, ido yana ganin abin da ya burge shi a jikin wani. Kafanchan kuwa jirgi ne ya raine ta. Tun da dogo ya haɗu a nan a 1927, wanda ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, reshe ɗaya Kaduna ɗaya Jos, ƙasar Fantswam da Kaninkon ta cika da Ibo da Yarabawa da Tibi da Hausawa da sauran jama'a, kowa da ɗaurin zanensa, kowa yana satar kallon na wani.

Littafin awon mahaifina yana hannuna har yanzu, da ajami ya rubuta shi, bangonsa ya sha maiƙon keke. In ka buɗe za ka ga direban jirgi Ibo ya ba da ɗinkin kaftani mai aljihu uku, don ya ce shi ne rigar da ke shan iska a cikin zafin inji. Za ka ga malamin coci daga Kagoro ya ba da babbar riga fara ta ranar aurensa. Shafi biyu gaba, ga mahauci Bahaushe, wanda ko bihim bai sani ba a boko, ya kawo yadi a yi masa kwat irin ta akawun tasha, har da ɗan aljihun da ake soke biro. Mahaifina ya ce kwat ɗin ba ta taɓa ganin biro ba, goro ake ajiyewa a aljihun. Wannan cuɗanyar da kake kuka da ita ta girme ni, ta girme ka.

Sai ɓangaren maƙwabtanmu, waɗanda ka ce su ma su koma ta kakanni. Daga Kafanchan zuwa ƙauyen Nok, a ƙasar Ham kusa da Kwoi, ba wata tafiya ba ce. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a can. A 1943 aka kai wa wani jami'in Bature, Bernard Fagg, wani kai na yumɓu a Jos, wanda aka samo a wajajen Jama'a, bayan wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonarsa ta doya yana tsorata masu ɓarna da shi. Wannan kai da 'yan'uwansa sun haura shekara 2,000. Ka je gidan tarihi na Jos, wanda Fagg ɗin ya kafa a 1952, ka tsaya gaban irinsu ka ƙare musu kallo. Abin da zai fara kama idonka ba tufa ba ne, don tufar kaɗan ce. Ado ne. Gashi an tufke shi ƙulli-ƙulli, wani an yi masa tukkaye, wani kamar an kifa 'yan ƙananan ƙoƙuna a ka, maza da mata duka. Duwatsu jere a kan jere, a wuya har ƙirji, a damtse, a wuyan hannu, a ƙugu, a idon sawu. Maginin da ya zauna ya fitar da kowane dutse ɗaya-ɗaya a jikin yumɓu bai ɗauki kwalliya abin wasa ba, haka wanda ya sa aka yi masa aikin. Ƙasar da suka taka ita ce muke takawa. In yaro mai agogo biyu ya tsaya kusa da mutumin Nok, yaron ne za a ce bai gama shiri ba.

Akwai kuma wanda ya riga ka yin irin karatun da ka yi wa yaron tasha. Sunansa Tremearne, hafsan Turawan mulkin mallaka da ya yi aiki a Jama'a. A 1912 ya fitar da littafi a Ingila kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu, kuma tun daga bangon littafin ya kira su masu wutsiya masu farautar kawuna. Wutsiyar me? Wani abin ado ne na zaren tsiro da aka nannaɗe, matan aure ke ɗaura shi a ƙugu ta baya, alamar mace ta shiga ɗaki, kamar dai zoben da ke yatsar matan ƙasarsa. Shi kansa ya san haka. Amma wutsiya ta fi sayar da littafi a Landan. Ya ɗauki abin ado guda ɗaya ya yanke wa al'umma sukutum hukunci da shi, kuma sunan ya bi su shekara da shekaru.

Mu Hausawa ba mu da bakin zagin Tremearne sosai. Kalmomin da muka yi ta jifan mutanen nan da su saboda ganye da fata kowa ya san su, ba sai na maimaita ba. Mun daɗe muna yi musu gorin ba su da riga. Yau sun sa rigar, wasunsu ma sun fi mu iya karya hula, kai kuma ka dawo ka ce su tuɓe su koma ta kakanni. Ina za su sa kansu? Marigayi Gwamna Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, da babbar riga da hula muka san shi, ba wanda ya ce ya daina zama ɗan ƙabilarsa. In kuwa saurayi ɗan Kagoro ya ga dama ya fito da kayan farauta na gargajiya ranar bikin Afan, 1 ga Janairu, ko ɗan Atyap ranar bikin Ayet, ko ɗan Ham ranar Tuk Ham, wannan abin sha'awa ne, ni ma nakan je kallo. In wani ya ce shi ba zai ƙara sa rawani ba don yana tuna masa da mulkin da aka yi wa kakanninsa, na fahimce shi, haƙƙinsa ne. Bambancin shi ne shi ya zaɓa, ba kwamiti ya zaɓa masa ba. Kuma washegarin Afan za ka gan shi da jins ɗinsa a kan babur yana neman abinci.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Ka ce burinka da hango mutum daga nesa a san ko shi wane ne. Malam, ina kake a Maris ɗin 1987, da wutar da ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta bi hanya har Zariya da Funtuwa? Ina kake a Fabrairu da Mayun 1992, da maganar inda za a mayar da kasuwar Zango ta ci rayukan da har yau ba a gama kukansu ba, a Zango da Kaduna duka? Ina kake a Afrilun 2011, da Zonkwa ta ga abin da ta gani, kasuwar Kafanchan ta zama toka? A duk waɗannan ranaku akwai mutanen da ba a tambaye su suna ba. Rigar jikinsu ce ta amsa musu.

Na taɓa shiga motar haya daga Kaduna ta hanyar Kachia a cikin irin waɗannan kwanaki, ba don ina so ba, sai don an aiko cewa jikin mahaifiyata ya tsananta. Mu bakwai ne a ciki, ba mai yi wa wani magana. Da muka doshi wani gari, direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Alhaji, a taimaka a cire hular nan." Na cire na zauna a kanta. Wata baiwar Allah da ke bayana ta zare hijabinta ta cusa a jaka, hannunta na rawa, matar da ke kusa da ita ta kwance ɗankwalinta na biyu ta ɗaura mata irin ɗaurin matan coci, ba ta ce uffan ba. Muka wuce. Can gaba, da muka kusa wata unguwa, direban ya sake duban madubi, wannan karon wani saurayi ya yi wa magana: "Ɗan'uwa, sarƙar nan a mayar da ita cikin riga." Saurayin ya tura gicciyensa ciki. Ni kuma na zaro hular da na zauna a kai, duk ta lotse, na miƙa masa ya ɗora. Ta yi masa yawa, ta sauko har gira. A wata rana da mun yi dariya. Direban nan, na lura, huluna biyu ne a gaban motarsa, ɗaya ƙube ɗaya hana-salla, yana canja su kamar yadda yake canja giya.

Wanda ya taɓa zama a irin wannan mota ba zai roƙi Allah ya kawo ranar da riga za ta riƙa faɗin ƙabilar mutum daga nesa ba. Shi ya sa in na leƙa gidan kallon ƙwallo a Kafanchan ranar Asabar, na ga samari sun cika benci, rabi da rigar Arsenal rabi da ta Chelsea, suna ta gardama da Hausar nan tamu ta kudu wadda ba ta damu da "ya" da "ta" ba, na kasa bambance wane ne zai tafi masallaci in an tashi wane ne zai tafi coci gobe, raina ba ya ɓaci. Ban ce rigar ƙwallo za ta raba rikicin gona da kiwo ba, ko ta mayar wa wani gidansa da aka ƙone. Amma abin da kake kira ɓacewar asali, ni a wurina 'yar inuwa ce da yaran nan suka samar wa kansu, da saninsu ko ba da saninsu ba.

Ƙanena ne ya gaji keken mahaifinmu. Ka zo shagonsa a Disamba ka ga abin da nake nufi. Atamfar Zumuntar Mata tuli guda, iri ɗaya, ta matan ECWA da za su fito da tulu da kacau-kacau suna waƙa da Hausa. Kusa da ita yadikan yara maza, kaftanin Kirsimeti, kowane uba yana so a yi wa ɗansa aiki a wuya. Shi da ba ya bikin, shi ne ba ya barci saboda bikin. In azumi ya raba tsakiya kuma, yaran shagonsa biyu 'yan Bajju su ne ke kwana kan keke da ɗinkin Salla, ana fama da janareta, in mai ya ƙare a koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi. Ɗaya daga cikinsu ya fi ƙanen nawa iya fitar da wuyan kaftani, alhazai sukan ce shi suke so ya yanka musu. Wace suturar kakanni za ka ce wannan yaro ya koma yana ɗinkawa, wa kuma zai saya?

Ka zagi gwanjo, ka ce kayan da Turawa suka gaji da su ne muke wawaso. Wawason gaskiya ne, na sha gani. A yanke ɗaurin dila, ta buɗe kamar an fasa rumbu, warin nan nata ya tashi, mata su duƙa, kowace ta rungume abin da hannunta ya kai kafin ta duba mene ne. Zaɓin farko na masu kuɗi ne, abin da ya rage da yamma na kowa. Amma ba ka tambayi dalili ba. A da ai muna da namu. Masaƙar KTL ta buɗe a Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, UNTL da Arewa Textiles da sauransu, har Kakuri ta zama gari a cikin gari. 'Yan kudancin Kaduna da yawa can suka yi ƙuruciyarsu, su dawo gida Kirsimeti da turamen atamfa 'yar gida a akwati. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri da atamfa mai araha daga Sin suka taru suka karya su. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Yaron da aka haifa a shekarar da injinan nan suka yi shiru shi ne mai jins ɗin da ka gani a tasha. Ba shi ya kashe masaƙa ba.

Ƙara da wannan: a 2023 cuta ta faɗa wa citta a ƙasar nan, daga Kachia zuwa Kwoi zuwa Zonkwa, gonaki suka ruɓe a ƙasa, a shekarar da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi. Manomin da ya saba sayar da citta ya yanko wa 'ya'yansa shadda, wannan karon dila ce ta rufa masa asiri. Sanyin hunturu a gindin duwatsun Kagoro kuma ba ya tambayar ko rigar sanyinka sabuwa ce. Kai da ka iya yanka shadda yadi goma a ɗinki ɗaya, ka yi wa Allah godiya, ka bar mai gwanjo ya ji da abin da ya dame shi.

Ga rabin da na ce zan bar maka. Wandon da ake zazzagowa har a ga na ciki, ni ma ba na son ganinsa, ɗana ya gwada sau ɗaya bai sake ba. Man bilicin da 'yan mata, yanzu har da samari, ke dafa fatarsu da shi, fuska fara gwiwar yatsu baƙa, wannan ba yayi ba ne, cuta ce, kuma na yi mamaki da ka tsaya kan tabarau ka tsallake shi. Anko ma ya zama azaba: biki uku a wata, kowanne da atamfarsa, mace ta ci bashi don kada a ce ba ta yi kara ba. Ka lura, wannan na ƙarshe ba yaran tasha ke yin sa ba, iyayensu ne, masu shigar mutuncin da kake yabo. Waɗannan abubuwa a gida ake gyara su, da kan mumbari, da bakin likita. Kwamiti kuwa, su wa za su zauna a cikinsa? A Kano Hisba ta hana teloli da masu kanti kafa mutum-mutumin tallar kaya a 2021, can akwai hukuma ɗaya da dokar da ta kafa ta. Nan fa? Dattawan wace unguwa ne za su auna siket ɗin 'yar wace unguwa? Ƙasar da wurin kafa kasuwa ya zama abin da ya zama, ita za ka ƙara wa rigimar tsawon wando?

Fina-finai da TikTok da ka ɗora wa laifi ba zan daɗe a kansu ba. Gwaggonnina daga fim ɗin Indiya suka koyi zizara kwalli, ba su lalace ba. Kuma in kwaikwayo ne, ba kullum mu ke bi ba. Ɗaya daga cikin waɗanda samarin Kano da Katsina da Maraɗi suka fi kwaikwayon askinsa da rawarsa da ɗinkinsa, Adam A. Zango na Basaja da Gwaska, sunan garinmu yake ɗauke da shi.

Shekaranjiya na bi ta tashar da ka ambata, na ga wani yaro a rumfar gyaran waya da tabarau ba gilashi da agogo biyu. Ko shi ne naka ko wani ne, oho. Na zauna a bencinsa na ba shi wayata ya duba mini wurin caji, muna hira na tambaye shi labarin tabarau. Ya yi dariya ya ce, "Baba, gilashin fashewa ya yi. Amma na lura mai tabarau an fi yarda a ba shi waya mai tsada, shi ya sa ban cire ba." Igiyar kunnen fa? Ya ce wannan ta masu zuwa neman bashi ce, in ya hango su sai ya riƙa gyaɗa kai kamar yana jin waƙa. Na ce to agogo biyun, ɗaya na lokacin Najeriya ne ɗaya na Landan? Ya kwance na saman ya ɗora mini a tafin hannu.

"Wannan na sayarwa ne, Baba. Wa zai san ina da shi in yana aljihu?"

Ya sa naira 6,000, na taya 3,000, muka daidaita a 4,000 har da kuɗin gyaran waya. Yana hannuna yanzu da nake rubutun nan, kusa da nawa na da, don ban samu inda zan ajiye shi ba. Sabon kuwa, tun a Kachia, a hanyar komawata, ya tsaya.